Kawuna na murna ya samu nasa a gwamnati, ni kuma ko aikin ban kama ba

Anti barka da ƙoƙari, Allah Ya ƙara basira. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni lauya ce, na gama makarantar lauyoyi ta Bagauda na yi bautar ƙasa, yanzu ina wata cemba, wato ofishin lauyoyi masu zaman kansu, a Kano wadda abin da ake bani ko kuɗin adaidaita baya kai ni ƙarshen wata. Sai ga shi Allah Ya kawo min aiki a wata hukumar gwamnati, sashen shari'a, ɓangaren da ke sa ido kan gidauniyoyi da ƙungiyoyin taimako. Maimakon in yi murna wallahi bacci ma ya gagare ni. Kawuna, wan mamanmu, shi ya biya min kuɗin makarantar lauyoyi, kuma shi ne shugaban wata gidauniyar marayu a unguwarmu. Ni nake buga masa takardu, shi yasa na san kuɗin da jama'a ke turowa asusunsa na kansa suke shiga, babu wani lissafi a rubuce, kuma tun da suka yi rajista basu taɓa kai rahoton shekara ba. Ban taɓa ganin ya ci ko kwabo ba amma dai haka abin yake. Da ya ji labarin aikin sai cewa ya yi Alhamdulillahi mun samu namu a ciki. Malamarmu ta islamiyya kuma ta ce aikin masu takura wa addini ne, in ji tsoron Allah. Ogana a cemba shi kuma wai zan je in binne kaina cikin fayil in mance hanyar kotu. Anti in karɓa ko in haƙura?

Ƙanwata ki karɓi aikin. Na faɗa miki tun daga sama don kar ki yi ta karatu gabanki na faɗuwa. Amma akwai sharaɗi, kuma sharaɗin a kan Kawu yake, zamu zo wajen.

Bari mu fara da shi kansa aikin, don na lura duk mutum ukun nan da suka baki shawara babu wanda ya san me ake yi a irin ofishin. Baki faɗi sunan hukumar ba kuma kin kyauta, amma ko wacce ce dokar da zata zama abincinki kullum ɗaya ce. Duk wata ƙungiya da ke son doka ta santa a Najeriya, masallaci ne ko coci, gidauniya ce ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, CAC take zuwa, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma yawanci a matsayin amintattu masu rajista. Dokar ita ce CAMA, dokar kamfanoni da ƙungiyoyi, ta 1990 a da, sai Buhari ya sa hannu kan sabuwa ranar 7 ga Agusta 2020, ke kuma abin da ya shafe ki shi ne Kashi na F, daga sashe na 823 zuwa 850. Ki je ki haddace shi kamar yadda kika haddace dokar shaida lokacin jarrabawa. A ciki zaki ga kafin a bada satifiket sai an buga sunayen amintattun a jaridu biyu an jira kwana 28 ko wani zai fito ya ce bai yarda ba. Zaki ga wanda kotu ta samu da laifin zamba cikin shekara biyar da suka wuce baya zama amintacce. Zaki ga sashe na 838 ya ce kuɗin ƙungiya da kadarorinta na manufar da aka kafa ta ne kawai, ba a raba wa 'yan kwamiti da sunan riba ko ihisani, kuma ko rushe ta aka yi, sashe na 850 ya ce abin da ya saura bayan an biya bashi wata ƙungiya mai irin manufarta ake miƙa wa, ba wai kowa ya ɗau fanka wani ya ɗau janareto a watse ba.

Sannan ba CAC kaɗai ba ce a filin. Akwai SCUML da ke ƙarƙashin EFCC, masu kula da kar a yi amfani da ƙungiya wajen wanke kuɗin haram ko tura wa 'yan ta'adda. Akwai masu haraji, don mutane da yawa sun ɗauka da zarar ka ce gidauniya shikenan ka rabu da su, alhali sassaucin bai shafi ribar kasuwancin da ƙungiya ta yi ba, kuma in tana biyan albashi dole ta cire harajin ma'aikata ta kai. A jihohi ga ma'aikatun shari'a, ga na mata da walwala masu duba gidajen marayu, ga irin su Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano da ta Zakka da Waƙafi ta Sakkwato da ta Zamfara. Kowacce a cikinsu tana buƙatar lauyan da ya iya karanta tsarin mulkin ƙungiya kuma baya jin tsoron sitatimen na banki.

Kar ki zata kullum sumame za ki dinga fita da jami'an tsaro a bayan Hilux. Yawancin ranakunki fayil ne. Za a ajiye miki koke daga wasu 'yan kwamitin masallaci sun ce shugaba ya sayar da shagunan da aka gina a jikin katanga bai faɗa wa kowa ba, ki buɗe fayil ɗin ki ga cikin amintattu biyar da ke kan satifiket uku sun rasu tun tuni ba a sauya su ba, ɗaya ya koma Legas, saura shi shugaban kaɗai kuma shi ne ma'aji shi ne mai sa hannu a banki. Ki nemi rasit a kawo miki su a leda, na siminti da na shinkafar azumi da na kuɗin makarantar yara duk rubutun hannu ɗaya da biro ɗaya. To anan aikin yake. Ke ce za ki bambance wanda bai iya ba da wanda ya iya har ya wuce gona da iri, ki rubuta wasiƙa ki basu wa'adi, ki kira ɓangarorin biyu ki ji ta bakin kowa, ki rubuta wa darakta shawararki ta shari'a, in abin ya kai na kotu ki shirya takardu. Kuma zaki sha mamaki, mafi yawansu ba ɓarayi ba ne, mutanen kirki ne da suka fara da tara dubu biyar biyar a majalisa abin ya girma ya fi ƙarfin littafin eksasais ɗin da suke rubutu a ciki.

Maganar Malama kuma, kar ki raina ta. Bata yi karatun lauya ba amma tsoron da take ji yana da asali, kuma ba musulmi kaɗai ke jinsa ba, kiristoci ma sun fi ɗaga murya a kai. A 2016 ɗan majalisar wakilai marigayi Umar Buba Jibril ya kawo ƙudurin kafa hukumar da zata riƙa juya ƙungiyoyi masu zaman kansu, aka yi ta cece-kuce har zaman jin ra'ayin jama'a a Disambar 2017, ƙudurin bai kai labari ba. A Janairun 2017 wata ƙa'ida ta FRC, hukumar kula da rahoton lissafin kuɗi, da ta ƙayyade wa shugabannin ƙungiyoyi shekara 20 a kan kujera ta sa Fasto Adeboye ya sanar da sauka daga shugabancin cocinsa na Najeriya, cikin 'yan kwanaki aka sallami shugaban hukumar Jim Obazee aka dakatar da ƙa'idar. A Satumbar 2019 sojoji suka rufe ofisoshin ƙungiyoyin agaji na Action Against Hunger da Mercy Corps a arewa maso gabas bisa zargin taimaka wa Boko Haram, sai ƙarshen Oktoba aka ɗage, a tsakanin nan kuwa masu jiran abinci su suka ji a jikinsu. Sai uwa uba sashe na 839 na CAMA, wanda ya ba CAC damar dakatar da amintattu a naɗa manajan riƙon ƙwarya in an ga almundahana ko rashin iya riƙo ko don maslahar jama'a. Wannan maslahar jama'ar ita ta tada hankalin kowa, don wa zai fassara ta? Ƙungiyar kiristoci ta CAN ta yi tsalle ta dire, wani lauya ya kai ƙara, a 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce sashen da wasu 'yan uwansa sun ci karo da 'yancin addini da na kafa ƙungiya da ke cikin kundin tsarin mulki. Kafin ki kama aiki ki nemo hukuncin ki karanta shi da kanki ki kuma bi diddigin inda aka kwana, don ranar farko ma za a iya tambayarki.

To kinga gwamnati na iya wuce iyaka, ta ma sha wucewa. Amma in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ke da kanki kin san abin da ke faruwa a Facebook da TikTok, a ɗauki hoton mara lafiya a gadon asibiti a saka lambar asusu, alat ya yi ta shigowa, bayan wata biyu 'yan uwan mara lafiyar su fito suna kuka basu ga komai ba shi kuma mai tarawar ya sauya waya. Waɗanda suka tura kuɗin basu da bakin magana don sun riga sun bayar don Allah, mara lafiyar bashi da ƙarfin ɗaukar lauya, marayu kuwa basu ma san an tara da sunansu ba. Duk sauran shari'o'in da kika sani akwai mai ƙara da ke bin haƙƙinsa, wannan ɓangaren ne kaɗai wanda aka cuta baya zuwa kotu, shi yasa a ƙasashe da yawa aka ɗora wa lauyan gwamnati ya tsaya a madadinsa. A Amurka ofishin babban lauyan kowace jiha ne ke da wannan nauyin. A 2015 duka jihohi 50 suka haɗu da FTC, hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, suka maka wasu gidauniyoyin ciwon daji huɗu, cikinsu har da Cancer Fund of America, kan dala miliyan 187 da suka tara wanda abin da ya isa ga marasa lafiyar bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. A New York lauyoyin jiha ne suka kai gidauniyar Trump kotu a 2018 yana kan mulki, aka rushe ta, a 2019 alƙali ta sa ya biya dala miliyan 2. A Ingila kuma akwai hukuma guda tun 1853 da wannan ne kawai aikinta, ita ce a 2024 ta fitar da rahoto cewa 'yar Kyaftin Tom, tsohon sojan nan da ya tara wa asibitoci sama da fam miliyan 30 lokacin korona, ita da mijinta sun amfana da gidauniyar da aka kafa da sunansa, aka haramta musu riƙe amanar ƙungiya na shekaru. Babu wanda ya ce waɗannan lauyoyin yaƙi suke da taimako.

Kuma ki gaya wa Malama cikin ladabi, sa ido kan dukiyar waƙafi ba turawa suka kawo mana ba. Tun zamanin halifa Hisham ɗan Abdulmalik alƙalin Misra Tauba ɗan Namir ya ga hubusi, wato dukiyar waƙafi, na hannun magada da wasiyyai babu mai tambayarsu, ya buɗe masa diwani na musamman a ƙarƙashin kotu. A Suratun Nisa'i an ce in za ku miƙa wa marayu dukiyarsu ku kafa shaidu, ba a ce ai waliyyin mutumin kirki ne a ƙyale shi ba. Kuma ita Malama ta fi ni sanin hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓo zakka ya dawo ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka bani, Annabi (SAW) ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar. An yi masa lissafi, kuma sahabi ne. Sai dai ki lura hadisin nan ke ma ya hau kanki, don ranar da wani shugaban gidauniya zai aiko miki da buhun shinkafa da atamfa gab da sallah wai babu komai Barista alheri ne kawai, ke ce Ibnul Lutbiyyan.

Abin da ni na gani shi ne, ikon nan yana nan ko kin karɓi aikin ko baki karɓa ba. Wata rana za a kira daga sama a ce ƙungiya kaza ta cika surutu a duba mana fayil ɗinta, kuma abin da zai tsaya tsakanin wannan kiran da rufe ƙungiyar shi ne wani ƙaramin lauya da zai rubuta a fayil, ranka ya daɗe doka bata bamu wannan ikon ba sai da umarnin kotu, kuma ba a ji ta bakinsu ba. In duk masu tsoron Allah suka gudu saboda an ce aikin takura wa addini ne, wa kike so ya rubuta wannan layin?

Yanzu Kawu. Anan ne nake so ki nutsu, don duk sauran maganar mai sauƙi ce.

Kalmar nan da ya faɗa, mun samu namu a ciki, ba da mugun nufi ya faɗe ta ba, haka muka taso, in naka ya shiga asibiti ka huta da layi in ya shiga kwastan kayanka sun wuce. Amma in kika bari ta zauna a ransa har kika kama aiki, kin shiga uku, don ba shi kaɗai zai zo ba, zai turo abokinsa mai islamiyya, abokin ya turo surukinsa mai ƙungiyar direbobi, kafin shekara ki zama ƴar Alhaji da ke gyara takardu. Kuma Jadawali na Biyar na kundin tsarin mulki, sakin layi na farko ma, ya hana ma'aikacin gwamnati ya sa kansa inda son ransa zai ci karo da aikinsa. Ba sai kin karɓi kuɗi ba. Taɓa fayil ɗin kawunki kawai ya isa a kai ki gaban kotun ɗa'ar ma'aikata, kuma a ofis akwai wanda ke jiran kujerar taki, shi zai fara rubuta takardar koke.

Shin dole ki kai ƙararsa? A yadda kika bada labari, a'a. Kin ce baki ga ya ci ba. Abin da kika gani sakaci ne, kuma sakaci irin wanda ake gyarawa, rahoton shekara da ba a kai ba ana kaiwa a biya tara, asusu ana buɗewa, littafi ana farawa. Amma ki sani tsakanin sakacin nan da laifin cin amana da ke sashe na 311 da 312 na Pinal Kod, dokar hukunta laifuka, taku ɗaya ne, ranar da ya taɓa kuɗin marayu ya biya kuɗin makarantar ɗansa da niyyar zai mayar in an biya shi bashi, ya taka, kuma mutumin da kuɗinsa da na amana ke asusu ɗaya shi kansa bai san ranar da ya taka ba. Wannan ne haɗarin, ba wai shi mugu ne ba.

Don haka ki je masa yanzu, kafin takardar kama aiki ta fara aiki, lokacin da har yanzu ke 'yarsa ce kawai ba jami'a ba. Kar ki je da harshen kotu, kar ki ce masa Kawu ka saɓa sashe kaza, zai ce yau ni za ki karanta wa doka da kuɗina kika koyo ta, kuma maganar ta mutu kenan. Ki fara sa Mama a ciki ta share miki hanya, ita ta san lokacin da ake samunsa da sanyi. In kun zauna ki tambaye shi abu ɗaya. Ki ce Kawu, Allah Ya ja da ranka, in yau ta Allah ta kasance, kuɗin marayun nan ina za su? Ki bar shi ya yi tunani. Banki bai san marayu ba, sunansa ya sani. Za a rufe asusun, magada su kawo takardar kotu, kuɗin ya shiga rabon gado, 'ya'yansa su ci dukiyar marayu basu sani ba ko kuma su sani a shiga rigima da 'yan kwamiti shekara da shekaru. Na sha ganin irin wannan da filin islamiyya, jama'a suka yi karo-karo aka saya, aka rubuta takarda da sunan malam saboda an yarda da shi, malam ya rasu, cikin 'ya'yansa wani ya ce shi dai takarda ya sani, yara na karatu a ciki dillalai na zagaye suna auna ƙafa nawa ne. Amfanin rajistar da suka yi tun farko kenan ai, ƙungiya ta zama mutum a idon doka, ta mallaki fili da asusu da sunanta, ko amintattu sun mutu ita tana nan. Sun biya kuɗin rajista sun rataye satifiket a bango basu ci moriyarsa ba.

Ki ƙara masa da wannan, dokar hana wanke kuɗi ta 2022 ta wajabta wa banki ya kai rahoton duk hada-hadar da ta wuce naira miliyan 5 a asusun mutum ɗaya, miliyan 10 in na kamfani ko ƙungiya ne, ban da duk wanda suka ga bai kwanta musu ba ko nawa ne. Mutumin da aka san shi da ɗan shagonsa sai ga ɗaruruwan tiransifa daga mutanen da bai sani ba duk azumi, wasu daga ƙasar waje, in aka kira shi ya yi bayani da me zai kare kansa? Da rantsuwa? Najeriya ta shiga jerin ƙasashen da FATF, ƙungiyar duniya mai yaƙi da wanke kuɗin haram, ke sa wa ido a Fabrairun 2023 sai Oktoban 2025 ta fita, kuma bankuna sun koyi tsoro a wannan tsakanin, basa wasa da irin wannan yanzu.

In ya sauko, abin yi ba shi da yawa. A buɗe asusu da sunan gidauniya, masu sa hannu aƙalla biyu kuma kar su zama shi da ɗansa. Abin da ke asusunsa na marayu a ƙididdige a gaban 'yan kwamiti a mayar can a rubuta a sa hannu. A samu akanta ya haɗa musu lissafin baya gwargwadon abin da sitatimen ya nuna, a kai rahotannin da ake binsu. Amintaccen da ya rasu ko ya bar gari a sauya shi a hukumance. Amma ba ke za ki yi ba. Ki haɗa shi da wata ƙawarki lauya mai zaman kanta ki zare hannunki, buga masa takardun ma ki daina daga yau, dama dokar ɗa'ar ma'aikata ta hana ki aikin lauya na gefe in kin shiga gwamnati, noma kawai aka yarje miki.

In kuma ya ƙi, ya ce shi Allah ne shaidarsa baya buƙatar odita, to kin sauke naki. Ba za ki bi shi da bincike ba, ba kuma za ki tare masa ba. Za a yi fushi dake, wataƙila a gori ki da kuɗin Bagauda a gaban dangi ranar suna ko biki, ki shirya wa wannan tun yanzu don zai yi zafi. Ki ci gaba da zuwa gaishe shi, in kin ɗau albashin farko ki kai masa nasa alherin a matsayin kawu, wannan bashin zumunci ne kuma da zumunci ake biyansa ba da fayil ɗin gwamnati ba. Abu ɗaya ne zai sauya lissafin, in wata rana kika ga da idonki ana cin kuɗin yaran, to wannan ba sakaci ba ne kuma, ki dawo mu yi wata maganar.

Shi kuma oganki, akwai gaskiya kaɗan a bakinsa amma ki tuna wa zai rasa mai rubuta masa takardun ƙara a araha in kin tafi. Gaskiyar ita ce in burinki SAN ne, wato muƙamin babban lauyan Najeriya, wannan ba ita ce gajeriyar hanya ba, don can shari'o'in da kika yi da bakinki ake ƙirgawa tun daga babbar kotu har kotun ƙoli, kuma wasu hukumomin in babbar shari'a ta taso lauyoyin waje suke ɗauka na cikin gida su riƙe musu jaka. Don haka ki tambaya tun yanzu, lauyoyin sashen suna shiga kotu da kansu? In suna shiga ki riƙa ɗaga hannu ana baki, ko ƙaramar buƙata ce. Albashi kuma ba zai sa ki kuɗi ba, amma yana zuwa, akwai fansho, akwai hutun haihuwa wanda a cemba da yawa sai dai ki ji labarinsa. Kuma fannin ba shi da cunkoso. Lauyoyin fili da na zaɓe sun yi yawa har suna tuntuɓe da juna, amma wanda ya san dokar ƙungiyoyi da haraji da ta wanke kuɗi a haɗe, kuma yana jin Hausar da zai zaunar da kwamitin masallaci ya fahimtar dasu ba tare da an tashi baram-baram ba, ki ƙirga su a Kano ki gani. Bayan wasu shekaru manyan ƙungiyoyin agaji da ke Abuja da Maiduguri da sashen bin ƙa'ida na bankuna irinki suke nema, in kuma alƙalanci kike so shekara 10 da zama lauya kundin tsarin mulki ya ce don babbar kotu, bai ce sai a cemba ba. Ki dai koyi karanta lissafin kuɗi, ko kwas ne na yamma ki shiga, don a Bagauda ba a koya mana wannan da kyau ba kuma rabin aikin kenan.

Satin farko in kin kama aiki, bayan kin cike fom ɗin bayyana kadara, ki rubuta 'yar gajeriyar takarda zuwa ga shugaban sashenku. Layi huɗu ya isa, cewa shugaban gidauniya kaza kawunki ne, kin taɓa taimaka musu da buga takardu kafin ki shigo, kina roƙon duk abin da ya shafe su kar a kawo teburinki. Ki yi kwafi biyu, sakatariya ta buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a kan naki, ki kai shi gida ki ajiye ba a durowar ofis ba. Sannan ki gaya wa Kawu da bakinki cewa kin rubuta, tun kafin ya ji a wani wajen.